Kayan Fadar Oba Sun Shigo Waya

Jama'ar Aduwawa! Da yawanmu mun haura shekara talatin muna ciniki a Benin, amma ba mu taɓa sa ido a kan kayan tarihin masu masaukinmu ba. Dalili kuwa, a watan Fabrairu na 1897 sojojin Ingila suka ci garin, suka kwashe kayan tagulla da na hauren giwa daga fada. Daga baya suka kai Oba Ovonramwen Kalaba, can ya rasu a 1914. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne, cikin sojojin da Turawa suka zo da su har da Hausawa. Ba daɗin ji, amma haka aka yi.

To, a Nuwamban 2022 aka buɗe wani rumbu a intanet, Digital Benin: hotunan kaya 5,246 daga ma'ajiyai 131 a ƙasashe 20, har da sunayensu na yaren Edo. Yaranmu da ke aji ɗaya da 'ya'yan Edo suna iya dubawa a waya, kyauta. Sai dai hoto ba kaya ba ne. Holan ta maido guda 119 a 2025, amma tarin da ya fi kowane yawa yana Landan har yau.