Daga Littafin Matattu na Berona Zuwa Allura Guda: Tarihin Yaƙi da Sankarar Bakin Mahaifa

Ina ƙaramin yaro goggona ta kwanta jinya. Jini ne ya riƙa zubo mata bayan ta daɗe da daina al'ada. Aka ce sammu ne, aka sha rubutu, aka sha saiwoyi. Ranar da aka kai ta asibiti likita ya ce an makara. A gidanmu ba wanda ya taɓa furta sunan ciwon, sai dai a ce "ciwon nan na mata". Sai da na girma na san sankarar bakin mahaifa ce ta ɗauke ta. Abin da ya sa na shiga bin tarihin wannan cuta ke nan, ga kuma abin da na samo.

Labarin ya faro ne a Italiya. A shekarar 1842 wani likita mai suna Rigoni-Stern ya bincika littattafan rajistar mamata na birnin Berona, ya lura sankarar mahaifa ta fi kama matan aure da zawarawa, da wuya kuma a same ta ga mata masu zaman ibada a coci waɗanda ba sa aure. Bai san dalili ba, amma ya bar wa na baya tambaya: me ke bi ta hanyar saduwa ya haddasa daji?

Kafin a samu amsa, sai aka fara samun hanyar ganowa. George Papanicolaou, likita ɗan Girka da ya koma Amurka a 1913, ya riƙa shafo ƙwayoyin jiki daga bakin mahaifa yana duba su a madubin ƙara girma. Matarsa ce ta yi shekaru tana ba da kanta don wannan gwaji. A 1928 ya bayyana cewa ana iya ganin ƙwayoyin daji ta haka, likitoci suka yi biris da shi. Sai a 1943, da ya fitar da littafi tare da Herbert Traut, aka saurare shi. Ƙasashen da suka rungumi gwajin suka ga mutuwar mata ta ragu ƙwarai, domin cutar takan yi shekara goma zuwa ashirin tana rarrafe kafin ta zama daji, wanda ya gan ta da wuri kuwa ya riga ta.

Amsar tambayar Berona ta fito daga Jamus. A lokacin da yawancin masana ke zargin wata ƙwayar cuta dabam, Harald zur Hausen ya dage cewa ƙwayar HPV ce. A 1983 da 1984 shi da abokan aikinsa suka gano nau'i na 16 da na 18 a cikin naman dajin. Waɗannan biyun ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na cutar. An ba shi kyautar Nobel a 2008. A Ostireliya kuma, a 1991, Ian Frazer da Jian Zhou suka ƙera kwanson ƙwayar wanda babu abin cutarwa a cikinsa, jiki ya gan shi ya shirya makamansa. Daga irin wannan aiki aka samu allurar rigakafi ta farko a 2006. Jian Zhou bai ga ranar ba, ya rasu a 1999.

To, allurar tana aiki? An jira shekaru kafin a tabbatar. A 2021 bincike a Ingila ya nuna cutar ta ragu da kashi 87 cikin ɗari ga matan da aka ba allurar suna 'yan shekara 12 zuwa 13. A 2022 masana na Hukumar Lafiya ta Duniya suka ce allura guda ma tana ba da kariya mai ƙarfi. Gwaji shi ma ya sauƙaƙa: yanzu mace na iya ɗaukar samfurin da kanta a nemi ƙwayar a ciki. Inda babu kayan aiki, ma'aikaciyar jinya kan shafa ruwan khal a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, a ƙone shi da 'yar na'ura a rana guda.

A nahiyarmu Ruwanda ce ta fara yi wa 'yan mata allurar a faɗin ƙasa a 2011, Senegal ta biyo a 2018, Najeriya a watan Oktoban 2023. A Yamai an buɗe cibiyar gashi ta masu ciwon daji a 2021. Duk da haka, a 2022 mata kimanin 660,000 suka kamu a duniya, kimanin 350,000 suka rasu, fiye da tara cikin goma a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu. Burin da hukumar ta sa a 2020 shi ne kafin 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata allura, a gwada kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na masu cutar magani.

Abin da ya rage a hannunmu yake, 'yan uwa. Kamuwa da wannan ƙwaya ba shaidar lalata ba ce. Macen da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya samun ta. Jita-jitar cewa allurar na hana haihuwa kuwa, ƙasashen da suka yi shekaru suna yin ta ba su ga haka ba. Abin da ke raba mace da mahaifarta, har da ranta, shi ne dajin da aka bari ya girma.

Goggo ta rasu ba ta taɓa jin sunan Papanicolaou ba, alhali gwajinsa ya girme ta. Ranar da aka zo yin allura a makarantar 'yata, ni da kaina na raka ta. Allah Ya jiƙan goggo, Ya tsare mana na baya.