Ƙarar numfashi a karen aiki: abin da take nufi da lokacin da take zama haɗari

Kare ba ya zufa kamar mutum ko doki. In ban da ɗan gumin tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafin jikinsa. Shi ya sa duk abin da ya matse hanyar iska, daga hanci zuwa maƙogwaro, yana hana shi numfashi, yana kuma hana shi hucewa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Tawa da Damagaram, wannan kaɗai ya isa ya kashe karen farauta cikin yini guda.

Ana samun matsalar a wasu ƙananan karnuka na Ingila da ake kira teriya. Masu jin Faransanci sun san kalmar, ramin dabba take nufi, kuma aikinsu ke nan: su kutsa rami su fito da abin da ke ciki. Jack Russell da Patterdale suna cikin waɗanda ake aikin da su. A ramin iska kaɗan ce, ƙura da yawa, karen kuma yana ta haushi, to in maƙogwaronsa yana da matsala nan take bayyana. Akwai irin da ake kira Norwich, wanda likitocin dabbobi suka san shi da ƙuncin maƙogwaro na gado. Karnukanmu na ƙauye da na Azawak masu dogon hanci ne, ba su cika gadon wannan ba, amma masu tonon ramin gafiya da kurege suna shaƙar ƙura iri ɗaya.

Lafiyayyen kare in yana kwance ya huta, numfashinsa bai kamata ya wuce 30 a minti ɗaya ba, kuma ba a jin sa. In ana ji, a kasa kunne a bambance.

Ƙara mai kauri kamar minshari, daga hanci ko bayan ganɗa take fitowa. Wani lokaci ƙiba ce, wani lokaci wani abu ne ya shiga. Kare ya dawo daga daji yana atishawa ba ƙaƙƙautawa, yana dirje hanci da ƙafa, majina na fita ta kafa ɗaya kawai: a fara zargin ƙayar ciyawa, irin su ƙarangiya. Akwai kuma wata tsutsa mai faɗi da ke zama cikin hancin kare, wadda yake ɗauka in ya ci ɗanyen kayan cikin tumaki da awaki. Masu jefa wa kare hanta da huhu ranar yanka, ku dafa tukuna.

Ƙara siririya kamar fito, musamman in yana jan iska ciki, daga maƙogwaro take, kuma ta fi minsharin hatsari. A tsofaffin manyan karnuka, ƙofar maƙogwaron kan daina buɗewa yadda ya kamata. Maigidan zai lura haushin ya dushe, karen da ke gaba a farauta ya koma baya, yana saurin gajiya. Mutane kan ce tsufa ne kawai. Tsufan ne, amma irin wannan karen bai kamata a fita da shi da rana ba.

Tari busasshe mai kama da kukan dinya ya fi yawa a ƙananan karnuka, inda bututun iska ke laushi yana lotsawa. Igiya ko sarƙa mai shaƙe wuya tana ƙara shi, gara a ɗaura ta ƙirji. In kuwa tarin ya zo da zazzaɓi, kwantsa da majina mai kauri, kuma ya bi ƴan kwikwiyo ɗaya bayan ɗaya, cuta ce mai yaɗuwa, a ware marar lafiyar.

Yanzu ga inda muke roƙon masu saurare su tsaya da kyau. Kare ya sake murya, yana dalalar da yawu, baki a buɗe, ya kasa haɗiya, kai ka ce ƙashi ne ya maƙale masa. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa don ciro ƙashin. Ciwon haukan kare yana zuwa da wannan kamar, kuma ba dole sai karen yana bin mutane da cizo ba, wani shiru yake yi. Ƙwayar cutar tana cikin yawun. A tsare shi inda yara ba sa kaiwa, a kira ma'aikacin kiwo. Wanda aka ciza, ko yawun ya taɓa masa rauni, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi likita a ranar don allura, ko da raunin ƙanƙane ne. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi.

Karen da zafi ya buge kuwa, za a gan shi yana haki ba tsayawa, harshe waje, yana tangaɗi, dasashi ya yi ja wur ko ya koma shuɗi-shuɗi. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin digiri 38 ne da 39, in ya haura 41 rai na cikin hatsari. A kai shi inuwa, a kwance igiyar wuya, a kwarara masa ruwa mai sanyi a ciki da hammata da ƙafafu, a yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, zafin yake riƙewa. Kada a ɗura masa ruwa da ƙarfi, yana iya sarƙewa ya bi huhu. Maganin ciwon jiki na mutane, irin ibuprofen, guba ne ga kare, don haka ƴan uwa na waje masu aiko da magunguna gida su faɗa a fili cewa ba na dabba ba ne.

Ko ya farfaɗo, a nuna shi ga ma'aikacin kiwo, don zafin kan taɓa ƙoda, kuma illar ba ta fitowa sai bayan kwana ɗaya ko biyu.