Jiminar Damargu da mutanen da suka bi sawunta

A farkon shekarar 1920 wani Bature ɗan Sikotland mai suna Angus Buchanan ya tashi daga Kano da raƙuma, ya bi ta Damagaram ya shiga dajin Damargu. Lord Rothschild ne ya aiko shi ya tattaro tsuntsaye da namun daji don gidan tarihinsa na Tring a Ingila. Aikin na rani ne, kafin damina ta sauka. A fita da asuba, a harbo tsuntsu, a feɗe shi kafin zafi ya lalata shi, a rubuta wuri da rana a ɗaura masa a ƙafa.

Ƙasar da ya ratsa, wadda yau take cikin gundumomin Tanut da Balbeji, ta daɗe da suna a matsayin rumbun gero. Nan ayarin Abzinawa ke yin awo kafin su haura Agadas, kuma nan Bature matafiyi Heinrich Barth ya rabu da abokan tafiyarsa a Janairun 1851. Amma arewa da gonakin akwai daji na ƙaya da dashi, gidan zabi da tuje da barewa da jimina.

Jiminar ce ta fi jawo hankali. Gashinta yana cikin manyan hajojin da fatake ke ɗauka zuwa Tarabulus, daga can ya wuce Turai inda mata ke ƙawata huluna da shi. Kyansa ya kai har a 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo tawaga zuwa yankin Kano da Damagaram neman irin wannan jimina, suka koma da fiye da 100 a raye. Ba a jima ba kasuwar gashin ta faɗi a 1914. Shi ma Buchanan ya ware babi guda kan farautar jimina a littafin da ya fitar a 1921. A shekarar ne masanin tsuntsaye Ernst Hartert ya yi nazarin tsuntsayen da aka kawo, Rothschild kuma ya sa wa wata irin barewa sunan Damargu. Yawancin tsuntsayen Tring an sayar da su ga wani gidan tarihi a New York a 1932. Abin da zafi a ce mai son ganin abin da dajin Damargu ya ƙunsa shekaru ɗari da suka wuce sai ya ƙetare teku.

Dajin ya yi ta ja da baya. Gonaki suka matsa arewa, gatari ya ci itace, farin 1973 da na 1984 suka kashe dabbobi da itatuwa, bindiga da mota suka ƙarasa sauran. Zuwa farkon shekarun 2000 jimina ta ƙare a dajin Nijar.

Gyaran ya faro ne daga gona. Tun daga shekarun 1980 manoman Maradi da kudancin Damagaram suka rungumi sassabin zamani: maimakon a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a rene shi. Masana sun ƙiyasta cewa hakan ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, kuma gawon Matamai da Magarya shaida ne. A Damargu ruwa ya fi ƙaranci, don haka ana haɗawa da haƙa ramukan rabin wata a kan fako domin su tare ruwan sama, ciyawa ta fito, ƙaya ta kama. Inda itace ya dawo, tsuntsu na samun mafaka, har da baƙin da ke ƙetaro Sahara daga Turai kowace kaka.

Ita kuwa jimina, ana kiwonta a Kelle, kusa da Gure, tare da ƙungiyar Sahara Conservation. Daga can an kai wasu 'ya'yanta gandun dajin Gadabeji da ke gundumar Bermo, yamma da Balbeji, wanda aka keɓe tun 1955.