Yadda Bakin Likitoci Ya Shiga Zauren Shawara a Malanbil

Malanbil gari ne na bakin ruwa, can ƙuryar arewa maso gabashin Jamhuriyar Benin, sama da kilomita 700 daga Kwatano. Tsallaken kogin Kwara ga Gaya ta Nijar, gadar da aka gina a 1958 ce ta haɗa su, Kamba da Illo na jihar Kebbi kuma ba su da nisa. Tassi ake kiran wurin kafin Faransawa su laƙaba masa sunan gwamnansu na Dahomey, Henri Malan. Kasuwarsa tana cikin manyan kasuwannin ƙasar, Dendawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa da Bargawa duk nan suke haɗuwa da albasa da shinkafa da kifi da dabbobi. Ƙidayar 2013 ta ba ƙaramar hukumar Malanbil mutum sama da dubu 160, maƙwabciyarta Karimama kuma wajen dubu 66. Amma malamin asibiti a nan ya san masu layi a ƙofarsa sun wuce waɗanda aka ƙidaya.

A zamanin Turawa da shekarun farko na 'yanci bayan 1960, sha'anin lafiya daga sama yake saukowa. A rubuta umarni a kudu, a aiko wa ma'aikaci, shi kuwa nasa aiwatarwa. Bayan taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ɗora duniya kan kiwon lafiya matakin farko, gwamnatin Mathieu Kérékou ta yawaita ɗakunan magani na ƙauyuka, kowanne da mai agajin gaggawa da unguwarzoma daga cikin mutanen gari. Niyyar mai kyau ce, sai dai da yawansu sun mutu a tsaye: ba mai zuwa duba aikinsu, magani in ya ƙare ya ƙare ke nan. A ƙarshen shekarun 1980 baitulmali ya bushe har albashi ya gagara.

Canjin da ya taɓa Malanbil daga nesa ya faro. A Pahou, kusa da Kwatano, likitocin jami'a ƙarƙashin Farfesa Eusèbe Alihonou, ƙwararre kan haihuwa, suka soma wani gwaji a 1983: a sayi magunguna kaɗan masu muhimmanci da araha, a sayar wa marar lafiya da 'yar riba, kuɗin ya zauna a asibitin, a sake saro magani, a sayi man babur da kananzir ɗin firjin rigakafi. Gwajin yana cikin abubuwan da aka dogara da su sa'ad da ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako a watan Satumba na 1987, bisa ƙwarin gwiwar shugaban UNICEF James Grant. Benin da Gini suna sahun gaba wajen aiwatarwa.

Mutane sun fi tuna shirin da zancen biyan kuɗi, amma a ganina abubuwa biyu da likitoci suka shigo da su sun fi kuɗin tasiri. Na farko takardun jagora ne na duba marar lafiya: in yaro ya zo da zazzaɓi ka tambayi kaza, in amsar i ce ka bi nan, in a'a ce ka bi can, har ka kai ga magani ko ga tura shi gaba. Da wannan ne ilimin likita ya isa ƙauyen da likita bai taɓa kwana ba, aka kuma rage ɗabi'ar rubuta magani biyar kan ciwo ɗaya. Na biyu zaman bitar aiki duk wata shida. Malamin asibiti da unguwarzoma da wakilan gari su buɗe rajista, su lissafa kwana nawa maganin rigakafi ya yanke, mata nawa suka zo awon ciki sau ɗaya ba su dawo ba, yara nawa aka fara wa allura ba a ƙarasa ba. Daga nan ake gane inda gizo ke saƙa, ko nisa ne, ko tsada, ko halin ma'aikaci. Karo na farko ke nan da abin da mai duba marasa lafiya ya gani da idonsa ya zama hujjar da ake yanke shawara a kanta.

Kuɗin kuwa aka danƙa wa kwamitocin gudanarwa da jama'a ke zaɓa, su sa hannu tare da shugaban asibiti. Zaman bai rasa tsami ba. Ma'aikaci na ganin firji da babur ne gaba, ɗan kwamiti na ganin ginin da ido zai gani. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka farashin duk abin da ake shigowa da shi, talakan da ba shi da ko dala ya koma wa masu tallan magani a kasuwa.

Aka kuma gane cewa ƙananan asibitoci ba za su tsaya su kaɗai ba, sai da babban asibiti a bayansu da mai kula da su a kusa. Babban taron sashen lafiya na 1995 ya ba da shawarar raba ƙasar shiyya-shiyya, dokar 1998 ta tabbatar, wata ta 2005 ta sake daidaita tsarin. Shiyyoyi 34 aka samu. A jihar Alibori, wadda aka cire daga Borgu a 1999, uku ne: Banikoara, sai Kandi da Gogunu da Segbana, sai Malanbil da Karimama, mai babban asibitinta a Malanbil.

Kowace shiyya majalisa biyu gare ta. Akwai kwamitin lafiya, inda wakilan jama'a da na hukuma ke zama, shi ke amincewa da tsarin aiki da kasafi. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na Disambar 2002 magadan gari ma suka samu ƙarfi a wannan fage. Akwai kuma tawagar ƙwararru ƙarƙashin likita mai kula da shiyya, tare da shugaban babban asibiti, manyan likitocin ƙananan hukumomi, jagoran malaman jinya, jagorar unguwarzoma, mai ƙididdiga da mai kula da kuɗi. Su ke zagaya asibitocin Gene da Garu da Madekali da Tumbutu, har Birni Lafiya da Kompa da Monse, su ke bitar mutuwar mata wajen haihuwa, su ke kawo wa kwamiti shawara. A takarda, ƙwararru su faɗa, kwamiti ya yanke. A aikace, yawancin kuɗin manyan ayyuka daga ma'aikatar lafiya da masu ba da tallafi yake zuwa da sharuɗɗansa, don haka sau da yawa shawarar shiyya kan tsaya ga yadda za a yi, ba ga abin da za a yi ba.

Shekarun da suka biyo baya sun gwada tsarin. Daga 1 ga Afrilun 2009 tiyatar haihuwa ta zama kyauta, gwamnati ta riƙa biyan asibiti sefa dubu 100 kan kowace. An sauke wa iyalai nauyi, amma doka ba ta gajarta hanyar ƙauyukan bakin kogi ba, waɗanda da damina sai da kwalekwale ake fita daga cikinsu. Ambaliyar 2010, wadda ta shafi ƙananan hukumomi 55 cikin 77 na ƙasar, ba ta bar Malanbil da Karimama ba. A Nuwamban 2012 aka yi wa arewacin Benin rigakafin sanƙarau da MenAfriVac, a maƙwabciyar shiyya Banikoara kuma aka fara nuna wa duniya cewa wannan allura tana jure kwana huɗu ba ƙanƙara, muddin zafi bai haura digiri 40 ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar akwatin rigakafi a bayan babur cikin bazara ya san darajar wannan.

A 2012 ɗin ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yaran Sahel 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro wata-wata a lokacin damina. Nijar da Katsina sun fara a 2013. Benin sai 2019, kuma Malanbil da Karimama na cikin shiyyoyi biyu da aka fara da su, ɗayar ta wajen Tangiyeta ce. Shekara shida jinkiri ne mai yawa ga yankin da daminarsa ɗaya da ta Gaya. Da aikin ya zo, ya faɗa hannun tawagar shiyya: horar da masu bi gida-gida, nuna wa iyaye yadda ake ba da ƙwayar kwana uku a jere, tanadin abin da za a yi in yaro ya yi amai ko an tarar da shi da zazzaɓi.

Gyare-gyaren gwamnatin Patrice Talon, wadda ta hau mulki a 2016, sun kafa majalisar ƙasa ta kiwon lafiya matakin farko da hukumar da ke aiwatar da ayyukansa, suka ba shawarar ƙwararru mazauni a Kwatano. A arewa kuwa sabuwar matsala ce ta kunno kai. Tun wajen 2022 hare-haren 'yan bindiga a kewayen gandun dajin W suka sa zagayen duba asibitoci a ɓangaren Karimama ya zama abin taka-tsantsan. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka toshe gadar, manyan motoci suka yi dogon layi, mutane suka koma ƙetarewa da jiragen ruwa. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. Ikon tawagar Malanbil a tsakiyar kogi ya tsaya, na Gaya ma haka, alhali masu kyanda da masu amai da gudawa da mata masu naƙuda ba su daina ƙetarowa ta mashigan da babu jami'in lafiya a bakinsu ba.