Kwaikwayon jagorancin yaƙi a kwamfuta: asalinsa, yadda yake aiki da darasi daga tarihin Borno

Kwaikwayon jagorancin yaƙi wani reshe ne na wasannin kwamfuta da ke sake gina yaƙe-yaƙen tarihi, inda ake ɗora mai wasa a matsayin kwamanda, a kuma ɗaure masa hannu da irin matsalolin da kwamandojin ainihi suka sha fama da su. Ba ya ganin dukkan fagen daga, labari yana iso masa a makare, umarninsa kuma sai ya bi ta hannun mutane da dama kafin ya kai ga dakaru.

A shahararrun wasanni irin su Age of Empires da Total War, mai wasa yana kallon fili ne daga sama tamkar shirwa, kuma da zarar ya danna sai runduna ta motsa. Masu tsara kwaikwayo na haƙiƙa suna ganin wannan babban giɓi ne, domin abin da ya fi wahalar da shugabannin yaƙi a tarihi shi ne sanin halin da ake ciki da kuma isar da saƙo a kan lokaci.

Mazauna Maiduguri sun san nauyin wannan matsala. Bayan da Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa ranar 14 ga Mayun 2013, an katse layukan wayar salula a Borno na tsawon watanni. A lokacin, wanda yake GRA kuma yana da saƙo zuwa Gwange ko Bulumkutu sai dai ya tashi ɗan aike ko ya taka da ƙafarsa. A irin wannan hali aka gwabza kusan dukkan yaƙe-yaƙen duniya kafin zuwan wayar tangaraho da rediyo.

Asalin tsarin

Tushen wannan fanni ya girmi kwamfuta da fiye da shekara ɗari. A 1824 wani matashin hafsan sojan Purusiya, ɗaya daga cikin daulolin da suka haɗu suka zama Jamus, mai suna Georg von Reisswitz, ya gabatar da wani wasa da ya gyara daga wanda mahaifinsa ya ƙirƙira. Ana kiran sa Kriegsspiel, wato wasan yaƙi a harshen Jamusanci.

Ana buga shi a kan taswira ta gaskiya, da ƙananan tubala ja da shuɗi a madadin dakaru, kuma kowane zagaye yana wakiltar minti biyu na yaƙi. Ɓangarorin biyu ba sa taɓa tubalan da kansu. Kowane kwamanda zai rubuta umarninsa a takarda ya miƙa wa alƙalin wasa, shi kuma ya lissafa tsawon lokacin da saƙon zai ɗauka, ya motsa dakarun, sannan ya sanar da kowa iya abin da mutanensa za su iya hangowa. Inda sa'a ke da hannu, sai a jefa ƙwaya mai ɗigo-ɗigo irin ta wasan lido.

Rundunar Purusiya ta rungumi wasan wajen horar da hafsoshinta, kuma bayan nasararta a kan Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871 sojojin wasu ƙasashe suka bi sahu. A yau manhaja ce take yin aikin alƙalin wasan.

Yadda yake aiki

Abu na farko da ake kwaikwaya shi ne ƙarancin sani, wanda masana dabarun soja ke kira hazon yaƙi. Mai wasa yana ganin abin da ido zai gani daga inda kwamandan yake tsaye, sauran kuma sai rahoton 'yan leƙen asiri, wanda zai iya zama tsohon labari ko ƙarin gishiri.

Na biyu shi ne jinkirin umarni. Manhajar tana auna nisa da yanayin ƙasa da saurin dokin manzo, haka nan tana iya sa manzon ya ɓace hanya ko ya faɗa hannun abokan gaba. Yaƙin Waterloo na ranar 18 ga Yunin 1815 ya zama misalin da ake yawan kawowa. Napoleon ya tura Marshal Grouchy da dakaru kusan 33,000 su bi sawun sojojin Purusiya, amma saƙon da ya aika masa da rana na ya karkato zuwa fagen daga bai same shi ba sai bayan sa'o'i, lokacin da ya riga ya tsunduma cikin wani gumurzun a Wavre.

Na uku shi ne matakan shugabanci da halin mataimaka. Babban kwamanda yana umartar manyan hafsoshinsa ne kawai, su kuma su rarraba aikin ga na ƙasa da su. Manhajar tana ba kowane hafsa halinsa, wani mai gaggawa, wani mai jan ƙafa, kuma yana iya yi wa umarni gurguwar fahimta. Haka ta faru a Balaclava ranar 25 ga Oktoban 1854. Lord Raglan na Birtaniya yana kan tudu yana hangen wasu igwa da mahayan da ke cikin kwari ba sa gani. Da umarninsa ya iso, sai mahaya fiye da 600 suka fuskanci wasu igwa dabam na sojojin Rasha, aka yi musu mummunar ɓarna.

Na huɗu ya shafi gajiya da tsoro da guzuri. Bataliyar da ta kwana tana tafiya, ko harsashinta ya kusa ƙarewa, tana iya watsewa komai kyan umarnin da aka ba ta.

Wasannin da suka yi fice

A 1989 ɗan Birtaniya Peter Turcan ya fitar da Waterloo, inda mai wasa ke rubuta umarni da kalmomi, mahaya su kai, shi kuma ya zauna jiran amsa. Kamfanin Panther Games na Ostireliya ya gina jerin wasanninsa na Yaƙin Duniya na Biyu, ciki har da Highway to the Reich na 2003, a kan ƙa'idar cewa kowane sabon umarni yana cin lokaci kafin hedikwatoci su tsara shi, don haka mai yawan sauya shawara yakan rikita rundunarsa da kansa.

Scourge of War: Gettysburg na 2010 yana da tsarin da ke tsare mai wasa a kan sirdin dokinsa, ba ya magana da kowa sai ta hannun manzo. Radio Commander na 2019, wanda aka gina a kan yaƙin Biyetnam, bai ba mai wasa komai ba sai taswira da muryoyin da ke fitowa daga rediyon oba-oba.

Mafi yawan irin waɗannan wasanni fagagen Turai da Amurka suke ɗauka. Akwai manyan wasannin mulkin ƙasa da daulolin wannan yanki suka fito a cikinsu: Kano da Katsina da Zazzau da Kanem-Borno suna cikin Europa Universalis IV, Sakkwato da Borno kuma suna cikin Victoria 3 na 2022. Sai dai waɗannan sun fi mayar da hankali kan tattalin arziki da diflomasiyya fiye da abin da ke gudana a fagen fama.

Darasi daga yankin Tafkin Chadi

Tarihin Borno cike yake da misalan matsalolin da wannan fanni ke nazari. A ƙarni na 16, babban limamin Mai Idris Alooma, Ahmad ibn Furtu, ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen sarkin, inda ya ambaci 'yan bindiga da mahayan dawakai da raƙuma da kuma yadda ake yi wa garuruwa masu ganuwa ƙawanya. Haɗa kan rundunoni mabambanta irin waɗannan ya dogara ne da manzanni da tutoci da ganguna, da kuma amincin masu sarautar yaƙi irin su Kaigama.

Misali mafi bayyana shi ne faɗuwar Rabeh, wanda ya ci Borno da yaƙi a 1893, ya rushe Kukawa, ya kafa hedikwatarsa a Dikwa. Faransa ta tura rundunoni uku daga kusurwoyi masu nisan gaske da nufin su haɗu a Tafkin Chadi: ta Foureau da Lamy daga Aljeriya ta cikin Sahara, ta Gentil daga yankin Kwango, da ta Voulet da Chanoine daga yamma.

Runduna ta uku ta nuna abin da kan faru idan mataimaki ya yi nisa da mai ba shi umarni. Voulet da Chanoine sun riƙa ƙone garuruwa suna kashe jama'a a ƙasar Hausa, ciki har da Birnin Konni. Hukumomin Faransa sun yanke shawarar dakatar da su a watan Afrilun 1899, amma Kanar Klobb da aka tura bai cim musu ba sai ranar 14 ga Yuli a kusa da Tasawa, inda Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin 'yan kwanaki sojojinsu suka kashe su biyun, daga baya Joalland ya karɓi ragamar rundunar a Damagaram, ya wuce gabas.

Rundunonin uku sun haɗu a Kusuri, kuma ranar 22 ga Afrilun 1900 suka afka wa sansanin Rabeh. An kashe Rabeh, shi ma Lamy ya mutu daga raunin da ya samu a ranar. Ɗan Rabeh, Fadlallah, ya ci gaba da fafatawa har aka kashe shi a Gujba a 1901. Duk wanda zai kwaikwayi wannan yaƙi da gaskiya dole ya fara da tambayar abin da kowane ɓangare ya sani game da ɗaya, da kuma ranar da ya san shi.

Amfani da iyaka

Sojoji na amfani da irin wannan horo don koya wa hafsoshi yanke hukunci cikin ƙarancin bayani ba tare da an yi asarar rai ba. A Najeriya, Kwalejin Horar da Manyan Hafsoshi ta Jaji a jihar Kaduna, da aka kafa a 1976, tana gudanar da atisayen Haske Biyu, inda ɗalibai ke gwada tsara ayyukan haɗin gwiwa tsakanin sojoji da sauran hukumomin tsaro. Ga ɗalibin tarihi kuwa, kwaikwayon yana rage saurin yanke wa mutanen da hukunci, domin wanda ya san ƙarshen labari yakan manta cewa su ba su sani ba.

Amma tsarin yana da iyaka. Alƙaluman da ake ciyar da manhaja daga rubuce-rubucen tarihi suke fitowa, kuma yawancin bayanan yaƙin Kusuri hafsoshin Faransa ne suka rubuta su. Haka kuma taswira da tubala ba sa nuna ƙauyen da aka ƙone ko iyalan da suka yi gudun hijira, abin da mutanen Borno ba sa buƙatar a ba su labarinsa. Mai wasa zai iya sake farawa idan ya sha kashi, damar da babu kwamandan da ya taɓa samu.

Ga matasan Najeriya masu ƙera manhaja, kayan aikin suna kusa. Rubuce-rubucen ibn Furtu suna nan an fassara su, ganuwar Rabeh tana tsaye a Dikwa, akwai Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙetaren Sahara a Jami'ar Maiduguri da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ga kuma labaran baka da dattawa suka gada, waɗanda za su iya cike giɓin da rahotannin Turawan mulkin mallaka suka bari.