Raƙumi Mai Tozo Biyu: Shin Rubuta Manhaja Baiwa Ce Ko Koyo?

Gabatarwa

A ƙarshen kowane zangon karatu, idan malaman kimiyyar kwamfuta suka zauna tattara makin 'yan aji ɗaya, da wuya a tashi wani bai ce rubuta manhaja baiwa ce ba: wanda Allah Ya ba, Ya ba shi, wanda bai samu ba kuwa ko sau nawa ya maimaita darasin ba zai gane ba. Hujjar da ake kafawa ita ce takardar makin kanta. Wai ɗalibai sukan rabu gida biyu, tuli guda a sama, tuli guda a ƙasa, tsakiya kuma fayau. Wani abokin aikina da ya girme ni a koyarwa, wanda nake ganin girman iliminsa, ya ɗora shawara a kan wannan: a yi wa sababbin ɗalibai gwajin tacewa tun makon farko, wanda ya faɗi a nuna masa hanyar wani sashen. Wannan maƙala amsa ce gare shi. A ganina hujjar ba ta da ƙarfin ɗaukar hukunci mai nauyi irin wannan.

Ba a musun cewa darasin farko yana kayar da ɗalibai da yawa. Watson da Li (2014) sun tattara alƙaluma daga ƙasashe 15, suka samu kusan kashi biyu cikin uku ne ke ci, kamar yadda Bennedsen da Caspersen (2007) suka samu tun da fari. Inda aka rabu shi ne dalilin faɗuwar sauran.

Asalin raƙumin

Ra'ayin tsoho ne, amma ya samu rigar bincike a 2006, lokacin da Saeed Dehnadi da Richard Bornat na Jami'ar Middlesex da ke Landan suka yaɗa wani rubutu da suka kamanta makin ɗalibai da raƙumi mai tozo biyu. Gwajinsu mai sauƙi ne. Ana nuna wa wanda bai taɓa koyon manhaja ba layuka uku: a = 10, b = 20, sannan a = b, a tambaye shi abin da ke cikin a da b yanzu. Wani zai ɗauka an kwashe abin da ke b an zuba a a, an bar b fanko. Wani zai ce musanya aka yi. Wani zai haɗa su biyun. Masu gwajin ba amsar daidai suka nema ba, sun duba ko ɗalibi ya riƙe fahimta guda a duk tambayoyin ko yana tsalle daga wannan zuwa waccan. Suka ce masu riƙe fahimta guda su ne ke cin jarrabawa daga baya, saboda haka an samu ma'aunin da zai ware masu iyawa tun kafin a koya musu komai.

Abin da ya biyo baya shi ne masu wannan ra'ayi ba su cika ambata ba. Caspersen da abokan aikinsa sun maimaita gwajin a Jami'ar Aarhus ta Denmak a 2007, ba su samu wannan alaƙa ba. A 2008 Bornat da Dehnadi da kansu, tare da wani abokin bincike, suka ba da rahoton gwaji a kan ɗalibai fiye da 500 a makarantu shida na ƙasashe uku, suka amsa cewa ma'aunin bai cika alkawarin da ya ɗauka ba. A 2014 kuma Bornat ya rubuta janyewa a fili. Adalci ya sa a faɗi cewa bai zubar da aikin Dehnadi gaba ɗaya ba, yana ganin akwai abin nazari a cikinsa. Abin da ya janye shi ne da'awar cewa mutane sun kasu biyu tun asali.

Sai batun tozon kansa. A 2016 Elizabeth Patitsas da abokan aikinta na Jami'ar Toronto suka duba makin ƙarshe na azuzuwa 778 na kimiyyar kwamfuta a Jami'ar British Columbia da ke Kanada. Kashi 5.8 cikin ɗari kacal suka nuna tozo fiye da ɗaya. Daga nan suka nuna wa malaman fannin 53 zane-zanen maki da siffarsu ba ta fito sarari ba. Malaman da suka yarda cewa iyawar baiwa ce sun fi saurin cewa sun ga tozo biyu. Wato akwai alamar cewa imani ne ke jagorantar ido.

Martanin abokin aikina

Ya kawo suka guda uku, kuma babu ta banza a cikinsu.

Ta farko: makin ƙarshe ba ya nuna waɗanda suka gudu tun tsakiyar zango, kuma makin aikin gida da na gwaje-gwaje yana cike ramin da ke tsakanin tozayen. Wannan gaskiya ne, kuma dole in taƙaita da'awata. Ban ce babu ajin da ke rabuwa biyu ba, ban kuma ce kowa saurin ganewarsa ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san ba haka ba ne. Abin da hujja ta yarje mini in faɗa ya fi haka ƙanƙanta: siffar maki ba ta bayyana sanadinta. Anthony Robins na Jami'ar Otago ya nuna a 2010 cewa ko da ɗalibai sun faro da basira iri ɗaya, darasin da sassansa suka sarƙe da juna zai iya raba su biyu. Wanda ya gane yadda ake ajiye ƙima a cikin a da b zai samu sauƙin gane sharaɗi, sharaɗi ya buɗe masa maimaici (sa na'ura ta maimaita umarni), maimaici ya buɗe masa jeri (ajiye ƙimomi da yawa a jere). Wanda zazzaɓi ko rashin kuɗin mota ya hana shi lacca biyu a farko zai tarar kowane sabon darasi an gina shi a kan abin da ba ya da shi. Nasara tana jawo nasara, tuntuɓe yana jawo tuntuɓe. Makarantar allo ta daɗe da sanin wannan: ba a barin almajiri ya wanke allo sai ya biya karatunsa daidai, kuma ba a ɗora wa ɗalibi Alfiyya bai ƙoshi da Ajurumiyya ba. Mu kuwa kalandar zango ce ke wanke wa ɗalibanmu allo, ko sun biya ko ba su biya ba.

Ta biyu: Kanada ba Kano ba ce, kuma shi da idonsa yake ganin tozo biyu a ajinsa kowace shekara. Na yarda da shi, har ma ina zaton ganinsa daidai ne. Sai dai wannan sukar a kansa take komawa. Duk mai ilimin ƙididdiga ya san cewa idan aka gauraya jama'a biyu masu tarihi daban aka auna su da ma'auni ɗaya, tozo biyu na iya fitowa. A benci ɗaya muna da yaron da ya tashi da kwamfuta a ɗakinsa, ya yi wasa da Scratch ko Python tun yana ƙaramar sakandare, da yarinyar da karon farko da ta zauna gaban kwamfuta da gaske shi ne lokacin atisayen jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Ga kuma harshe. Kalmomin umarni na Ingilishi ne, saƙon da na'ura ke fitarwa idan an yi kuskure Ingilishi ne mai tsauri, alamar = kuma, wadda shekara goma sha biyu ana koya wa yaro cewa tana nufin daidaito, yanzu an ce masa tana nufin zuba wannan a cikin wancan. A ƙara da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ɗakin kwamfuta da na'urorinsa ba su isa ba, wutar lantarki mai zuwa da tafiya, da manhajar da ake kwafa daga allo a haddace. Wannan lura ce ta aji, kuma a matsayin lura nake gabatar da ita. Amma ta isa ta sa a tambaya: gwajin makon farko, me zai auna? Ina tsoron gidan da yaro ya fito zai auna, mu kuma mu rubuta sakamakon da sunan basira.

Ta uku ita ce mafi nauyi, domin daga tausayi ta fito: kayan aiki kaɗan ne, kuma barin yaro ya ɓata shekara biyu yana maimaita darasi kafin a kore shi zalunci ne, gara a faɗa masa da wuri. Da muna da ma'aunin da ba ya kuskure, da na saurara. Wanda ya fi shahara kuwa masu shi sun amsa gazawarsa. Kuskuren ma'auni iri biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Idan ya bar wanda ba zai iya ba, jarrabawa za ta gyara. Idan ya kori wanda zai iya, babu ranar da za mu sani, domin ya tafi da hukuncin a zuciyarsa.

Haka kuma ba duka magunguna ne masu tsada ba. Lister da abokan aikinsa (2004) sun nuna a ƙasashe bakwai cewa ɗalibai da yawa ba su iya bin gajeriyar manhaja layi-layi su faɗi abin da za ta yi ba, balle su rubuta tasu. Horon bin manhaja layi-layi kuwa takarda da biro kawai yake buƙata. Parsons da Haden (2006) sun kawo dabarar ba ɗalibi layukan manhaja a hargitse ya jera su, abin da za a iya yi da yankakkun takardu. Porter da abokan aikinsa (2013) sun ba da rahoton cewa a Jami'ar Kalifoniya ta San Diego faɗuwa ta ragu da fiye da rabi a darussan da malami ke jefa tambaya, ɗalibai su zaɓi amsa, su yi muhawara da na kusa da su, su sake zaɓa. Zaunar da mutum biyu a kan kwamfuta ɗaya, ɗaya na bugawa ɗaya na dubawa suna karɓa-karɓa, wanda mu larura ce ta tilasta mana, wasu jami'o'in Amurka da gangan suke yin sa. Ba zan yi alkawarin cewa alƙaluman can za su maimaitu a nan ba. Amma wanda bai gwada ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, bai kai matsayin cewa ɗalibi ne ya gaza ba.

Kammalawa

Ina tare da abokin aikina a kan a yi gwaji da wuri. Mun saɓa a kan abin da za a yi da sakamakon. Shawarata ita ce a yi gajeren gwaji a mako na uku, wanda ya yi tuntuɓe a kira shi zaman bita kafin a shiga maimaici. A ranar farko kuma a tambayi kowane ɗalibi ko ya taɓa rubuta manhaja, kuma ko yana da na'urar da zai yi atisaye. A ƙarshen zango a ajiye amsoshin nan kusa da maki. Idan tozo biyu suka fito kuma ba su bi sawun wannan bambanci ba, zan dawo in sake duba matsayina a rubuce. Idan kuwa suka bi, to an san inda aikin yake, kuma a hannunmu malamai yake.