Shekarar da Tauraro Ya Yi Rawa

A ƙarshen 1994, wani ɗalibin jami'ar Janiba mai suna Didier Queloz ya shiga damuwa. Yana aiki da na'urar ELODIE a cibiyar nazarin taurari ta Haute-Provence da ke kudancin Faransa, sai ya ga wani tauraro, 51 Pegasi, yana matsowa yana ja da baya. Da farko ya ɗauka lissafin kwamfutarsa ne ya lalace. Ya duba, ya sake dubawa, amma rawar ba ta fasa ba: duk kwana 4 da 'yan sa'o'i sai ta dawo.

Abin kamar uba ne ya kama hannuwan ɗansa yana juyi da shi a tsakar gida. Yaron ne ke zagaye, amma uban ma sai ya ɗan karkata. Wata duniya ce ke fizgar tauraron. Ba a ganinta, sai dai a auna yadda launin hasken uban gidanta ke ɗan sauyawa.

Wuyar ita ce yarda. Nauyin duniyar ya kai kusan rabin na duniyar Mushtari, alhali Mushtari sai ya shekara kusan 12 kafin ya kewaye rana. Ina aka taɓa jin ƙatuwar duniya tana manne da tauraronta haka? Queloz da malaminsa Michel Mayor suka yi haƙuri har tauraron ya sake fitowa a watan Yuli, suka ƙara awo, sannan suka sanar a birnin Florence na Italiya ranar 6 ga Oktoba, 1995. Wannan haƙurin ne ya fi burge ni. A 2019 aka ba su kyautar Nobel.

A shekarar 1995 ɗin dai aka warware wani tsohon ƙulli. Tun farkon shekarun 1960 Shiv Kumar ya yi hasashen akwai wadannin taurari, waɗanda suka fi duniyoyi nauyi amma ba su kai su kama wuta irin ta rana ba. An shekara fiye da 30 ana nema. Sai ga Rafael Rebolo da abokan aikinsa a tsibiran Kanari na Sifaniya sun gano irin wannan tauraron, Teide 1, kuma a cikin Kaza da 'Ya'yanta suka same shi, taurarin nan da muke nunawa yara da yatsa a daren hunturu.